Ba a Sa Dunƙulalle Cikin Matattu

In an tambaye ni aikina a gidan biki, sai in ce koyarwa nake a jami'a, in ja bakina in yi shiru. Na gaji da dariyar mata. Gaskiyar magana, ni Hafsa 'yar Mala Zakariya'u ta unguwar Birni, shekara goma sha ɗaya na yi sunkuye a kan madubin ƙara girma ina leƙen wata halitta da ƙwayar gero ta fi ta nesa ba kusa ba. A littattafai rotifer ake ce mata. Mahaifina, da muke kira Aba, ya ce shi ba zai karya harshensa a banza ba, ya raɗa musu suna 'yan tabki. Sunan ya bi su, har ɗalibaina ma da shi suke kiransu.

Duk inda ruwan sama ya kwanta a ƙasar Damagaram suna nan: a tabkuna, a kududdufai, har a 'yan ramukan da ke kan duwatsun bayan gidanmu. In ka sa ɗigo ɗaya a ƙarƙashin madubi za ka ga abu mai kai da ƙafa guda, da wani gashi a ka yana juyawa kamar ƙafar keke, yana jawo abinci zuwa baki. Abin da ya riƙe ni a kansu shi ne suna da ƙwaƙwalwa. 'Yar mitsitsiya ce, amma ƙwaƙwalwa ce, da jijiyoyi da suka gangara har ƙafa. Sinadaran da jijiyoyinsu ke aika wa juna saƙo da su kuma irin namu ne, serotonin da dofamin da 'yan uwansu. Aikina in rina waɗannan sinadarai su yi haske kore, in zana inda kowace jijiya ta bi. Aiki ne na mai haƙuri, don ɗan tabki da ya ji an taɓa shi sai ya tattare jikinsa. Dole sai na fara ɗiga masa maganin da ke kashe jijiya, ya saki jiki ya miƙe, sannan rini ya shiga.

In tabki ya ƙafe, irin waɗanda nake bi ba sa mutuwa. Ɗan tabki sai ya janye kansa da ƙafarsa ciki, ya dunƙule, ya bushe ƙamas tare da laka. Yakan yi shekaru a haka. Ran da ruwa ya taɓa shi, wani cikin awa guda, wani sai washegari, za ka ga ya miƙe yana neman abinci kamar ba a yi komai ba. Saboda haka doka ta farko da nake kafa wa duk wanda ya shigo labo, ɗakin bincikenmu, ita ce, ba a sa dunƙulalle cikin matattu sai ya kwana ya yini cikin ruwa bai motsa ba. Na sha korar ɗalibai a kan wannan, kuma ban taɓa ba wa ko ɗaya haƙuri ba. Mai gaggawa ya je ya sayar da ƙanƙara.

Aba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, tun zamanin da ake buga talgiram. Shi ya sa ran da lokotoro, wato likita, ya ce ciwonsa Parkinson ne, bayanin bai ba ni wahala ba. Na ce masa sinadarin nan dofamin ne ya yi ƙaranci a kansa, saƙo ba ya isa ga gaɓoɓi yadda ya kamata. Ya ce, "Wato waya na nan lafiya, ma'aikacin ne ya aje aiki." Da ya ji 'yan tabki ma suna da shi, sai ya ce in tambayo masa su ko za su sam masa kaɗan.

Da farko rawar hannu ce. Daga baya jikin ya fara ƙagewa, hannun hagu ya dunƙule har farce na shiga tafi, sai mahaifiyata, Ya Kellu, da muke ce wa Iya, ta riƙa cusa masa auduga a ciki. Shekara shida ba wanda ya ga tafin hannun nan. Ƙwaya huɗu yake sha a yini. Da su yake tashi, da su yake zuwa masallaci yana jan ƙafa.

Shekara biyu kafin rasuwarsa, Iya ta tafi suna Mirriya za ta kwana biyu. Aba ya ga ba mai sa masa ido, ƙwayar kuma tana tayar masa da zuciya, sai ya yi ta tura ta ƙarƙashin matashin kai. Na dawo daga aiki da tsakar rana na same shi miƙe a kan shimfiɗa kamar azara. Ido a buɗe, ba ƙiftawa. Na kama hannu in lanƙwasa, ya ƙi. Na kira shi, ko gezau. Sai da na cire tabarau na kara a hancinsa na ga ɗan tururi a gilashin, sannan na san da sauran numfashi. Na daka ƙwaya a cokali, na jiƙa, na riƙa ɗiga masa ta gefen baki ina shafa maƙogwaro. An kusa awa guda kafin babban yatsan ƙafarsa ya motsa.

Da la'asar, da harshe ya dawo, abin da ya fara cewa shi ne, "Kada Kellu ta ji."

Na ce, "Aba, wannan ba abin ɓoyewa ba ne."

"Kin san tansiyonta, hawan jinin nan nata. In ta ji, ko ta faɗi, ko ta hana ni masallaci ta mai da ni ƙwai a cokali. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, Hafsa. Yi mini alkawari."

Na yi masa. Ni da ba na raga wa kowa, tsoho ya dube ni da idon da ban iya ƙi ba, na ce to. Na lallashi kaina da cewa ai kullum ina nan, in abin ya sake zuwa ni zan tare shi.

Azumin bara waccan ya faɗo cikin bazara. Liman da kansa ya zo har zaure ya gaya wa Aba an ɗauke masa. Aba ya yi masa godiya, ya raka shi bakin ƙofa, ya kuma ɗauki azuminsa. Na yi faɗa har na gaji, na koma na jera masa ƙwayoyin tsakanin buɗa-baki da sahur. Ranar sha bakwai ga wata na tafi wajen Garagumsa ɗebo busasshiyar laka, don dole a ɗebe ta kafin ruwan farko ya taɓa ta. Kwana uku na ce zan yi. Can cikin daji waya ba ta shiga. A rana ta uku da la'asar, da na fito bakin kwalta da buhunan lakata, wayar ta yi ƙara. Yayana ne, Kolo.

"Hafsa, tun safe nake neman ki, ba rezo. Sai haƙuri. Aba ya cika. Yanzu muka dawo daga kai shi."

Na yi kukan da kowa ke yi. Tsoho ɗan shekara saba'in da tara, ya rasu a kan shimfiɗarsa da azumi a bakinsa. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce irin wannan mutuwa ake roƙo. Ni ma na yarda, har ranar sadakar uku.

Ranar ina gefe ina ƙulla gumbar sadaka a leda. Iya na zaune cikin mata tana ba da labarin yadda aka yi, karo na ashirin watakila, ni kuwa karo na farko ke nan da na saurara da kyau. Ta ce kwana biyu ba ya iya haɗiya sosai, da sahur ko kunu bai wuce masa ba. Bayan asuba ta bar shi ya ɗan kwanta. Da hantsi ta shiga ta tarar ya miƙe.

"Na kira Kolo," in ji ta. "Ya kama hannu ya lanƙwasa, ya ƙi. Ya ce, Iya, ai har ya sandare. Idon ma da ƙyar muka rufe, sai buɗewa yake. Na yagi gefen ɗankwalina na ɗaure masa haɓa, muka lulluɓe shi." Ta share ido. "Jiya da na zo kaɗe shimfiɗa, sai ga ƙwayoyinsa shida ƙarƙashin matashi. Kun ji rigimar tsoho."

Mata suka ce Allah sarki. Ni kuwa ledar da ke hannuna na ci gaba da ƙullawa, na ƙulla, na sake ƙullawa, har ta tsinke gumbar ta zube a cinyata.

Ana cewa rashin sani ya fi dare duhu. Wanda ya fara faɗa bai san irin sanin da ya shige ni ranar ba. Tambaya ɗaya ce, ba ta da ta biyu: da ransa aka binne Aba?

Tun daga lokacin ba ta bar ni ba. A labo, in na zuba ruwa a kan laka na zauna jira, sai in ga dunƙulalle ya fara kumbura, ƙafa ta leƙo, kai ya fito, gashin ya fara juyawa. A da babu abin da ya fi wannan faranta mini rai a duniya. Yanzu sai in ɗago kai in ji ɗakin ya yi mini kaɗan. Dokata ma ta juyo kaina. Kwana da yini ya cika, in ɗauki alƙalami in rubuta cewa wannan ya mutu, hannuna ya ƙi. Sai in ce a ƙara masa kwana. Farantin gwaji ya hau kan farantin gwaji, ruwa ya yi kore ya fara wari, har shugaban sashe ya leƙo ya tambaya ko kifi nake kiwo. Buhunan Garagumsa kuwa ko kwance su ban yi ba.

Na san yawan iskar da ramin kabari ke riƙewa, na san yawan da mutum marar motsi ke shaƙa, kuma kaina ya ƙi daina haɗa biyun. Mata ba sa shiga maƙabarta, don haka sai in sa ɗan kabu-kabu ya sauke ni a bayan katangarta da rana tsaka, in tsaya ina kasa kunne kamar taɓaɓɓiya, alhali na san ko me ya faru ya riga ya faru. Ba na jin komai sai kukan kurciya. Tsoro nake ji, da fushi, da wata kunya da ba ni da wanda zan gaya wa.

Fushin a kan Kolo na sauke. Na same shi a shagonsa na kayan babur yana jera taya.

"Yaya, ka kara kunne a ƙirjinsa?"

"Na taɓa wuya. Ban ji komai ba."

"Da wannan hannun naka mai kanta? Jikin da sanyi ko da ɗumi?"

"Hafsa, bazara ce. Randa ma da ɗumi." Ya ajiye tayar. "Me kike nema?"

"Me ya hana ku kiran lokotoro?"

"Tun yaushe ake kiran lokotoro ya gaya wa mutane tsohonsu ya mutu? Abin da aka yi wa kakanmu shi muka yi. Mun ma yi jinkiri. Pompo kwana huɗu ba ruwa, sai da muka jira 'yan ga-ruwa suka kawo ruwa bido shida dab da azahar, sannan aka yi wanka. In karatunki bai yarda da ni ba, je ki tambayi Baba Mai Nasara, shi ya wanke shi."

Ban je ba. Sati bakwai ina kauce wa unguwar Zango, inda yake, don muddin ban tambaya ba, akwai sauran fata. Sai wata safiyar Talata ruwan farko ya sauka. Na tsaya a bayan gida ina kallon ramukan dutse suna cika. Na san nan da awa guda duk abin da ya bushe a cikinsu zai fara miƙewa, na kuma san ruwan nan yana sauka a kan kabarin Aba. Na koma ɗaki na ɗauki mayafi.

Baba Mai Nasara baduku ne, abokin Aba tun suna yara, kuma shekara arba'in shi ke wanke mazan da suka rasu a wajenmu. Na same shi a rumfarsa yana ɗinka kuben wuƙa da basilla, ruwa na ɗiga ta gefen kwano. Muka gaisa, ya sake yi mini ta'aziyya kamar ba mu taɓa yi ba. Na durƙusa na ce na zo tambaya a kan wankan Aba.

Bai ɗago ba. "'Yata, abin da mai wanka ya gani, da shi ake rufe shi. Amana ce. Ko ɗan mamaci ba a gaya wa."

Na ce, "To, Baba, ni ma da tawa amanar na zo, kuma ta ishe ni."

Na kwashe labarin ranar da Iya ta je Mirriya na gaya masa, da tabarau, da cokali, da yatsan ƙafa, da alkawarin. Na gaya masa har abin da na hana kaina tunawa duk satukan nan: da Aba ya farfaɗo ranar, ya ce mini duk abin da ake yi yana ji. Ya ji kiran salla, ya ji akuyar maƙwabta, ya ji ina zagin cokali. Yana ciki sarai da hankalinsa, jikin ne kawai ya ƙi amsa masa.

Basillar ta tsaya.

"Alheri an yarda a faɗa," in ji shi. "Alherin zan gaya miki, ki yi abin da za ki yi da shi. Da na yaye mayafi, goshinsa da gumi. Mutane na cewa alama ce mai kyau. Kolo ya ce mini ya sandare tun hantsi, har na sa a ɗumama ruwa, na ce yau zan sha fama. Da na ɗaga hannu sai ya biyo ni, laushi kamar na jariri. Hannun hagun nan da na shekara shida ban ga cikinsa ba, ina taɓawa ya buɗe. Na cire audugar, na tsettsefe yatsun ɗaya bayan ɗaya, na yi masa alwala cikakkiya."

Tun kafin ya rufe baki na san abin da wannan ke nufi. Ƙagewar jikin Aba jijiyoyi ne masu rai ke yin ta, su ke riƙe da naman ba dare ba rana. Hannun nan ba zai buɗe da taɓawa ba sai in mai riƙon ya saki gaba ɗaya. Kullum ina ganin haka a ƙarƙashin madubi, in magani ya kashe jijiyar ɗan tabki ya saki jiki. Ba a binne Aba da rai ba. Na dafa ƙasa na ce alhamdu lillahi.

Kafin in ɗago, wata tambayar ta taso.

"Baba," na ce, "gawar da ta sandare da hantsi, tana sakin jiki kafin azahar?"

"Ban taɓa gani ba. Sai ta kwana, wani lokaci ta wuce haka." Ya juya kuben a hannunsa. "Muna sa likkafani muƙamuƙinsa ya fara tauri. A lokacin ya fara. A wannan zafi, bai fi awa ɗaya ko biyu da tafiya ba."

"Wato da hantsi, da aka lulluɓe shi..."

"Ban same shi da rai ba. Wannan ko da Alƙur'ani zan rantse miki. Abin da ya faru kafin in zo ban gani ba, ba kuma zan faɗa ba." Sai a lokacin ya dube ni, na ga idonsa ya yi ja. "Tun ranar abin ke cikina. Na zaci ni kaɗai zan tafi da shi. Kwanansa ne ya ƙare, Hafsa."

Na ce haka ne, don haka ake cewa.

Da ƙafa na koma Birni, cikin caɓi. Awa uku, watakila huɗu, Aba ya yi kwance da ransa. Haɓa a ɗaure, mayafi a fuska, zafin bazara, mutane na salati a kansa, ana jiran ruwa, ƙwaya shida a ƙarƙashin kansa. Cokali ɗaya zai iya isa. Kuma mutum ɗaya ce a duniya ta san haka, tana can Garagumsa tana kankare laka. Kolo bai yi laifi ba, abin da ya gada ya yi. Iya ba ta yi ba. Na nemi wanda zan ɗora wa tun daga Zango har ƙofar gidanmu, ban samu kowa ba sai ni.

Na shiga gida rana ta fito, ƙasa na tururi. Iya na zaune a ƙofar ɗakin Aba cikin kayan takaba, tana tsintar wake a faifai. Ta dubi lakar da ke ƙafata ta ce daga ina. Na ce Zango. Ba ta tambayi wurin wa ba, ta matsa mini a tabarma na zauna.

"Ruwan nan ya tuna mini da shi," in ji ta. "Kin san ranar, da ake jiran 'yan ga-ruwa, maza duk suka koma zaure aka bar ni da shi. Na zauna na riƙe ƙafarsa ta saman mayafi. Shekara hamsin da ɗaya ban taɓa kiran sunansa ba, ranar na kira. Da Barbarci na yi masa magana, yadda uwarsa ke yi masa. Na ce na yafe masa, shi ma ya yafe mini. Na ce masa ban taɓa nadamar zama da shi ba ko da yini ɗaya, har shekarun ciwon nan, har audugar da nake cusa masa yana mita. Na daɗe ina magana, Hafsa, har makoshina ya bushe." Ta kaɗa faifan. "Abin da ya kamata in faɗa yana da rai, kunya ta hana ni. Sai da kunne ya toshe na iya. Shi ne abin da ke cina. Ya tafi bai ji ba."

Na buɗe baki. Na tabbata ya ji. Ni kaɗai ce zan iya gaya mata haka ta yarda, kuma babu abin da take so a duniya kamar wannan. Amma Iya ba yarinya ba ce. Masu gaisuwa sun riga sun ce mata matattu na ji, ta gyaɗa kai ba ta ɗauka ba. Daga bakina in ya fito za ta tambaye ni ta yaya na sani, don ta san ban iya maganar lallashi ba. In na ba ta wannan dole in ba ta sauran: cewa haɓar da ta ɗaure da ɗankwalinta ta mai rai ce, cewa ƙafar da ta riƙe tana jiran ɗauki ne, maganin kuma na nan ƙarƙashin matashin kansa. Na juya abin ta kowace fuska, ba ya rabuwa.

"Me za ki ce?" in ji ta.

Na ce, "Waken nan ƙwari sun shige shi." Na jawo faifan gabana na ci gaba da tsinta.

Yau shekara biyu ke nan. Iya na nan, tana ƙara tsufa, kuma duk sa'ad da hadari ya haɗu sai ta maimaita maganar, ta ce ya tafi bai ji ba. Karo na biyu ke nan da nake ɓoye wa matar nan abu don in tsare ta, na kuwa ga abin da na farkon ya haifar. Kullum da safe kafin in tafi aiki nakan leƙa ɗakinta in gaishe ta, in tsaya a bakin ƙofa fiye da yadda gaisuwa ke buƙata. Ta ɗago ta ce, "Akwai magana?" In ce babu.